Kudi Chin: inda za ka ga tsohon Bankok, ka ci abincinsa ba tare da ka ci alade ba

Alhaji, ka ce shekara shida ke nan kana zuwa Bankok, babban birnin Tailan, sarin takalma da kayan yara, amma ba ka san ko'ina a garin ba sai Pratunam da layin Larabawa na Nana, kuma cikinka bai san komai ba sai shinkafa da gasasshiyar kaza a gidajen abincin Larabawa. A wannan zuwan kwana ɗaya zai rage maka bayan an ɗaure kaya, kana so ka ga tsohon gari, ka ɗanɗana abincin mutanen ƙasar na asali, sai dai tsoron alade ya hana ka. Na yi shekaru a garin ina tafinta da rakiyar 'yan kasuwarmu, to ga abin da zan yi da wannan kwana ɗaya in da nawa ne.

Ka tsallaka kogi. Kada ka bari a kai ka titin Khao San, can matasan Turawa ne da giya da kiɗa. Yaowarat kuwa, unguwar 'yan Sin, abincinta ya yi suna da gaskiya, amma alade ya yi mata yawa, za ka wuni kana haɗiyar yawu ba ka sa komai a baki ba. Unguwar da nake nufi sunanta Kudi Chin, a ɓangaren Thonburi, yamma da kogin Chao Phraya. Duk ɗan kasuwar da na faɗa wa sunan sai ya yi dariya ya ce ai kuɗin ci yana aljihu. A bakinsu kudi ɗakin ibada ne, chin kuma mutumin Sin. Ka lura, a rubutun sunayensu da boko, th ana faɗinsa t ne, ph kuma p, don haka Tonburi za ka ce wa direba.

Kafin ka taka unguwar ya kamata ka san yadda aka yi ta, in ba haka ba lunguna kawai za ka gani ka dawo. Babban birnin ƙasar a da shi ne Ayutthaya, can arewa da Bankok a bakin wannan kogi. Birnin fatake ne, kuma sarakunansa sun yi wa baƙi irin abin da aka yi a Kano, kowace ƙabila da unguwarta. Yadda muke da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, haka suke da unguwar 'yan Fotugal, da ta Japanawa, da ta mutanen Sin, da ta Farisawa, da ta Malayawa da Cham Musulmi. A 1767 dakarun Bama suka ci birnin suka ƙone shi ƙurmus. Wani jarumi mai suna Taksin, ubansa ɗan Sin uwarsa 'yar ƙasa, ya tattara waɗanda suka tsira ya gangaro kudu ya kafa sabuwar fada a Thonburi. Mutanen da suka biyo shi, da waɗanda suka taya shi yaƙi, sai ya yanka wa kowa fili kusa da fadarsa, a bakin wata hanyar ruwa da ake kira Khlong Bangkok Yai. Shekara 15 kacal wannan fada ta yi. A 1782 Sarki Rama na ɗaya ya hau, ya mai da gadon sarauta gabashin kogi. Gari ya juya can da gine-ginensa da kuɗinsa, aka bar wannan gefen da mutanensa, abin da ya cece shi ke nan. Shi ya sa a tafiyar da ba ta kai ta Kwari zuwa Kurmi ba za ka wuce coci, da ɗakin bautar 'yan Sin, da manyan wuraren bautar Budda biyu, da masallatai biyu, kuma jikokin waɗanda suka gina su suna zaune a gindinsu har yau.

Hanya mai sauƙi ce. Ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, shuɗin layi, ka sauka a tashar Sanam Chai, wadda aka ƙawata da ja da ruwan zinare kamar zauren fada. Daga nan ka ratsa Pak Khlong Talat, kasuwar furanni da ba ta barci, ka hau gadar Saphan Phut da ƙafa. Gadar ƙarfe ce, an buɗe ta a 1932 lokacin da Bankok ya cika shekara 150. Ka fita da sassafe, ƙarfe takwas ta yi maka a kan gadar, domin zafinsu ba irin namu ba ne, gumi ne da ba ya bushewa, musamman a watan Afrilu. Ka kuma guji ranar Litinin, yawancin masu sana'ar bakin titi ranar suke hutu.

Kana sauka daga gada za ka ga wata farar hasumiya mai siffar ƙararrawa a cikin jan shingen ƙarfe. Wat Prayun ke nan, an soma gina shi a 1828. Akwai ɗan tafki a ciki cike da kunkuru, yara na ba su gwanda a tsinke. Abin da zai ba ka mamaki shi ne wanda ya gina shi, Dit Bunnag, jikan jikokin wani bafataken Farisa ne Musulmi, Shehu Ahmad, wanda ya zo Ayutthaya wajen farkon ƙarni na 17, ya samu shiga a fada har aka naɗa shi Chularajmontri. Wannan sarauta tana nan har gobe, ita ce ta shugaban Musulmin Tailan. Wani reshe na zuriyarsa ya koma addinin Budda, suka zama gidan da ya fi kowane ƙarfi a fada, har ɗan Dit ya riƙe wa Sarki Chulalongkorn mulki daga 1868 zuwa 1873 saboda ƙuruciyarsa. Wani reshen ya tsaya a Musulunci, suna nan a wannan yanki. Ka riƙe sunan Farisawan nan, za mu sake haɗuwa da su a kwanon miya.

Shiga cikin ɗakunan bautar kuwa ya rage naka. Ni a farfajiya nake tsayawa in kalli gini. In ka shiga, takalmi a waje, kada ka miƙe ƙafa tana fuskantar gunki ko mutum, babu kuma wanda zai ce ka rusuna.

Daga nan ka bi ta bakin kogi ka yi arewa, za ka hango ƙubbar cocin Santa Cruz. Taksin ne ya ba 'yan Fotugal filin, suka kafa cocin katako a 1770, ginin da ke tsaye yanzu kuwa an gama shi a 1916. Bayan cocin ne unguwar take. Lungunan ba sa ɗaukar mota, wani ma in babur ya taho sai ka manne da bango. Gidajen katako ne tsofaffi, da tukwanen furanni a ƙofa, da gicciye a saman taga, da tsofaffi a zaune masu kamannin 'yan ƙasa sak, sai dai wani sa'in ka ga dogon hanci ya tona asiri. Akwai ɗan gidan tarihi a cikin wani gida, Baan Kudichin, ka hau samansa ka kalli unguwar da kogi.

Hancinka ne zai kai ka wurin da nake so ka je. Ƙamshin ƙwai da sukari a kan gawayi zai tare ka tun daga bakin lungu. Gidaje kaɗan ne suka rage masu yin khanom farang, wato alewar Bature a bakinsu, ɗan kek ne da bai wuce tafin hannun yaro ba. Abu uku ake haɗawa: ƙwan agwagwa, da fulawa, da sukari. Babu yis, babu bota, babu hodar tashi. Bugun ƙwai kaɗai ke tayar da shi, ana bugawa har ya yi fari ya yi kumfa. Na taɓa zama kusan awa guda ina kallon wata tsohuwa tana yi. Ta jera 'yan gwangwanaye a faranti, ta zuba kwaɓin, ta barbaɗa zabibi da gutsattsarin wani irin duma da aka dafa a sukari, da busasshiyar 'yar itacen nan ta Sin 'yar uwar kanyarmu, sannan ta watsa sukari a kai. Wuta biyu ake yi masa, gawayi a ƙasa, a kuma rufe da murfin ƙarfe a zuba garwashi a samansa. Ba ta duba agogo, da hanci take sanin ya yi. Yana fitowa sama ya yi ɓawo yana ƙaras-ƙaras, ciki kuwa laushi kamar auduga. Kek ɗin na Fotugal ne, kayan da aka barbaɗa na Sin ne, mai yin kuma ba ta jin ko ɗaya daga harsunan biyu. Abu ɗaya za ka tambaya kafin ka saya: da wane mai ake shafa gwangwanin. In an ce man tsiro ne, ci abinka da zafinsa.

Kek ɗin nan ɗan uwa ne ga wasu kayan zaƙi da duk Tailan ke tinƙaho da su, waɗanda sunansu ke ɗauke da thong, wato zinare: foi thong, thong yip, thong yot. Ba a biki ko ɗaurin aure ba su. Foi thong gwaiduwar ƙwai ce zalla, a tace ta, a zuba a wani mazurari mai ƙananan huji, a dinga kewaya shi a saman tafasasshen ruwan sukari, sai ta dahu siri-siri kamar zare, a naɗe ta da tsinke. Ranar da na fara gani alkaki ne ya faɗo mini a rai, kuma labarinsu ma ya yi kama, domin mu ma alkaki da sunansa daga Larabawa muka karɓa. Su kuwa suna danganta nasu ga wata mata, Maria Guyomar de Pinha, mai jinin Japan da Fotugal, matar wani Bagirke mai suna Constantine Phaulkon da ya zama na hannun daman Sarki Narai. A 1688 aka yi juyin mulki aka kashe mijin, ita kuma ta ƙare a madafar fada, inda daga baya ta zama shugabar masu kayan zaƙi. Kafin zamaninta kayan zaƙinsu garin shinkafa ne da kwakwa da sukarin giginya.

A nan ne nake so in gyara maka kalmar nan ta asali da ka yi amfani da ita. In ka ce sai abincin da babu hannun baƙo a cikinsa za ka ci, da yunwa za ka koma masauki. Barkonon da aka san su da shi a duniya, 'yan Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka, bayan sun fara zuwa Ayutthaya a 1511. Kafin nan masoro ne yajinsu. Taliya da suya a babban kasko mai zurfi, 'yan Sin suka zo da su. Pad thai, soyayyar taliyar nan da kowane baƙo ke tambaya, gwamnatin firaminista Phibun ce ta tallata shi wajen shekarun 1940, zamanin da aka canza wa ƙasar suna daga Siam zuwa Tailan a 1939, wato akwai tsofaffin da suka girme shi. Gwanintarsu ba a ƙirƙira take ba, a haɗi take: kowane abu ya shigo sai sun daidaita shi tsakanin zaƙi da tsami da gishiri da yaji har ya zama nasu. Kuma wani babban kaso na wannan abinci daga tukunyar Musulmi ya fito. Saboda haka in ka ci a hannun Musulmi ba maneji ka yi ba, ba kuma kwaikwayo aka ba ka ba.

Ka wuce ɗakin bautar 'yan Sin, Kian Un Keng, ka leƙa sassaƙar katakon ƙofarsa. Ka wuce Wat Kalayanamit, na 1825, da ƙaton gunkinsa da ya kusa taɓa rufi. Kada ka daɗe, azahar na matsowa, kuma masallacin Bang Luang na gaba kaɗan, a bakin ruwa, cikin lungu.

Farkon zuwana sau biyu ina wuce shi ban sani ba. Ina neman ƙubba da hasumiya, alhali ginin sak ɗakin bautar Budda: farin bango, rufi mai tudu irin nasu, gaban rufin da zanen furanni. Sai da na ga koren fenti da takalma a ƙofa da wani dattijo yana alwala na gane. Tun zamanin Rama na ɗaya yake, kuma shi ake nunawa in ana maganar masallacin da aka gina da tsarin ginin Tailan tsantsa. Mutanen unguwa suna kiransa Kudi Khao, farin ɗakin ibada. Za su nuna maka ginshiƙansa su ce talatin ne, adadin juzu'an Alƙur'ani, tagogi goma sha biyu da ƙofa ɗaya kuma rukunan salla goma sha uku a lissafin Shafi'iyya. Ka dubi mihirabin da kyau, sassaƙa ce da ruwan zinare da gutsattsarin madubi irin na fada, ayoyi na zagaye da shi. Yawancin Musulmin ƙasar Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla a sallar bayyane, kada abin ya dame ka. In an sallame za su kewaye ka da tambaya, daga ina, sau nawa ka je Makka. Hannu suke bayarwa su shafa a ƙirji kamar mu. A wurinsu za ka tambayi inda ake cin abinci, ba a wayarka ba.

Yanzu ga maganar aladen, ita ce ta fi buƙatar ka nutsu. Naman da kake gani da ido ba shi ne matsala ba, kowa ya san ya kauce masa. Matsalar wanda ba a gani. Ni kaina na faɗa a watannina na farko. Na samu wata mai taliya da ƙwallon kifi, na ce ai kifi ne, na yi kusan mako biyu ina ci kullum da rana. Ran nan na zo da wuri na tarar tana haɗa romo, ƙasusuwan alade ne tuli a gindin tukunya. Soyayyar tafarnuwar da take barbaɗawa a sama kuwa, wadda na fi so, da ƙararrar kitsen alade ake soya ta. Ba ta cuce ni ba, ban tambaya ba ne, kuma a wurinta romo ba nama ba ne. Wannan shi ne abin da za ka riƙe: in ka ce kada a sa alade, za a tsame maka yankan nama ne kawai, romo da mai da kasko suna nan yadda suke. Akwai kuma jini. Taliyar da suke kira ta kwale-kwale, kuaitiao ruea, da jini ake kaurara romonta, kuma wani abu mai kama da yankan hanta da za ka gani a gefen shinkafa da kaza ko a cikin wata miya, daskararren jini ne. A lungunan cocin ma za a yi maka tayin taliyar shinkafa da miyar niƙaƙƙiyar kaza, abincin bikinsu, da wani burodi mai cushen nama. Ka yi godiya ka wuce, ba ka san yankan kazar ba, cushen kuma sau da yawa alade ne.

Kalmomin da kake buƙata ba su da yawa, kuma Allah ya sauƙaƙa wa Bahaushe haddarsu. Kaza sunanta kai, alade sunansa mu. Wani Bakano da na taɓa rakawa ya ce shi ke nan ya gane, a ƙasar nan kai halal ne, mu haram. Nam ruwa ne ba nama ba, naman sa nuea ne, kifi pla, jatan lande kung. Mai kin mu, ba na cin alade. Nam man mu, man alade. Phet nit noi, yaji kaɗan, kuma ka faɗe ta ko da kana ganin kai gwanin yaji ne, domin ɗan mitsitsin barkononsu mugu ne. Ka ƙara khrap a ƙarshen kowace magana, ita ce ladabin namiji. Amma duk wannan kariya ce ta biyu. Ta farko ita ce ka ci a inda ka ga alamar wata da tauraro a kore, ko mace da ɗankwali a bayan tukunya, ko tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, mai siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a tsakiya. In duk ka rasa, nemi tuta rawaya mai jan rubutu, alamar abincin je ce, na masu ƙaurace wa duk abin da ke da rai, ko ƙwai ba sa sawa.

A kewayen masallacin, da can wajen gadar Charoen Phat a titin Itsaraphap inda jikokin Farisawan nan suke, za ka samu masu abinci Musulmi. In ka ga massaman kada ka wuce ta. Sunan ma daga kalmar Musulmi ya samo asali, kuma miya ce da ta shiga fada tun da daɗewa, har Sarki Rama na biyu da ita ya buɗe waƙar da ya yi ta yabon abinci. Naman sa ne ko kaza, a dafa a madarar kwakwa a kan wuta kaɗan har cokali ya iya yanka shi, da dankalin turawa da albasa da gyaɗa, da kirfa da kanumfari da gyaɗar miya, a tsamama da tsamiya, a zaƙaƙa da sukarinsu mai kama da mazarƙwaila. Jan mai zai taso a samanta, kada ka kwashe, ɗanɗanon yana nan. Harshen da ya saba da miyar gyaɗa da taushe ba zai yi baƙunta ba, sai dai zaƙin zai ba ka mamaki a loma ta farko, a ta uku ka daina jinsa. Ra'ayina, massaman da aka dafa jiya aka ɗumama yau ta fi ta yau, kuma wadda ake sayarwa a manyan otal ruwa ce kawai mai zaƙi.

Sai khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza da gangamau, da soyayyar albasa a kai, da wata koriyar miya mai tsami da na'ana'a a gefe. Ka haɗa ta da sup hang wua, farfesun wutsiyar sa, wanda ake matsa wa lemon tsami a watsa ɗanyen barkono, yana buɗe hanci kamar farfesun mai jego. Mataba kuwa waina ce ta fulawa da aka cusa wa nama da ƙwai da albasa aka soya, ana ci da kokwamba a ruwan tsami. Waɗannan ukun ba za su ba ka wahala ba. Abin da zai gwada ka shi ne nam pla da kapi, ruwan kifin da aka tsima da gishiri, da niƙaƙƙen jatan lande da aka bari ya ruɓa. Warinsu a ɗanye sai ka toshe hanci, amma mai cin daddawa ba shi da bakin magana, aikinsu ɗaya a miya, kuma babu haram a cikinsu.

Shinkafar ma ka kula da ita. Wadda muka sani da shinkafar Tailan a kasuwanninmu turarriya ce, don mu ake yin ta, su ba sa ci. Tasu hom mali ce, mai laushi da ƙamshi, tana ɗan kama juna. Darajarta a wurinsu ta kai in za su ce cin abinci sai su ce kin khao, cin shinkafa, yadda muke cewa cin tuwo, kuma gaisuwarsu ta yau da kullum ita ce ka ci shinkafa ko tukuna. Da cokali ake ci a hannun dama, cokali mai yatsu a hagu yana turo masa, tsinkayen nan biyu na taliya ne kawai. In an kawo maka taliya za ka ga 'yan kwalabe huɗu a tebur, sukari da garin barkono da ruwan tsami da nam pla, mai dafawa ta bar maka ƙarashen aikin ne. Idan zuwanka ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, ka rufe da mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa.

Bayan ka ci, ka tsallaka ƙaramar gadar da ke kan Khlong Bangkok Yai zuwa masallacin Ton Son. Ka ɗan tsaya a kan gadar. Wannan ruwan da kake gani kamar rafi shi ne ainihin kogin a da. A ƙarni na 16 aka haƙa gajeriyar hanya don jiragen fatake su daina dogon zagaye, ruwa ya bi ta ya cinye gaɓa har ta zama babban kogin da ka tsallaka da safe, uwar kuma ta tsuke. Ton Son ya girmi birnin Bankok kansa, ana kai kafuwarsa ga 1688. An sake ginin da siminti a shekarun 1950, saboda haka a ido bai kai Bang Luang ba, amma maƙabartarsa ta isa ziyara, manyan Musulmin da suka yi wa sarakunan ƙasar aiki suna kwance a nan. Ka yi musu addu'a, ka yi la'asar.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Sarki da gidansa ba abin raha ba ne, dokarsu tana ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 a kan kalmar ɓatanci, ko kuɗi ne ya faɗi iska na ja kada ka take shi da ƙafa, hoton sarki ne a jiki. Na biyu, duk mai keke napep ɗinsu, tuk-tuk, da ya tare ka da fara'a ya ce wurin da za ka a rufe yake yau, zai kai ka wani da araha, shagon duwatsu masu daraja ko na tela zai ajiye ka. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kamasho in ka gan shi. Fasfo kuma ya kasance a jikinka, an fi tsayar da baƙar fata.

Daga Ton Son tashar Itsaraphap ba nisa, jirgin zai bi da kai ta ƙarƙashin kogi ya mai da kai cikin gari. In da sauran ƙarfi a ƙafarka, Wat Arun na gaba kaɗan, hasumiyar da aka lulluɓe da fasassun tangaran, ka jira faɗuwar rana a can. Kek ɗin nan kuwa, in za ka yi tsarabarsa, ka saya a wannan ranar ta ƙarshe, ka sa shi a jakar hannu, ba a cikin kaya ba. Babu maganin ajiya a cikinsa, kwana kaɗan yake yi, kuma in ya kwana biyu ya fi daɗi a tsoma a shayi.